Filin Sana'a da Iyali: Zaɓen kyamara da gilashi ga mai fara ɗaukar hoton mutane

 

Ƴan'uwa masu karatu, cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wani magidanci daga Maraɗi, wanda ɗansa ya gama lise bai samu aiki ba, ya ɗaura niyyar shiga sana'ar ɗaukar hoto a wuraren suna da ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani. Mahaifiyar yaron ta yarda ta ba da kuɗin adashenta, shi kuma uban zai sayar da raguna biyu ya cika. Ya ce mai shago ya nuna musu wata kyamara mai megapiksel masu yawa da zum mai jawo abin da ke nesa, ya rantse musu babu kamarta a kasuwa. Yana tambaya: su saya, ko su dakata?

Amsarmu ita ce su dakata tukuna. Aikin da yaron zai yi, mafi yawansa hoton fuskokin mutane ne, kuma mafi yawan wannan a cikin ɗaki ne, ko ƙarƙashin rumfa, ko bayan magariba a tsakar gida mai ƙwan fitila ɗaya. A irin waɗannan wurare abin da ke raba hoto mai kyau da na zubarwa shi ne yawan hasken da kyamara ke iya tarawa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya gane haka zai sayi gangar kyamara madaidaiciya, ko da ta hannu ce, ya zuba sauran kuɗin a kan gilashi mai faɗin ƙofa, wato abin da masu shago ke kira objectif da Faransanci. Wannan ita ce shawarar gaba ɗaya. Abin da ya rage bayani ne na dalilanta.

Kalma a kan hukunci

Da yake wannan takarda ta ƙungiyar Musulmi ce, bai kamata mu tsallake tambayar da muka san tana cikin zukatan iyaye ba. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, sun kafa haramci a kan siffa mai jiki wadda ke da inuwa, ta abu mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa kuwa, sun sa shi a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Da na'urar hoto ta iso ƙasashen Musulmi, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin Masar kuma ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta ta, bisa hujjar cewa tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta ne, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Wasu malamai, cikinsu akwai Shaihu Abdul'aziz bin Baz da ya rasu a 1999, sun hana sai bisa larura, irin hoton fasfo da katin shaida. Saɓani ne na malamai, kowa ya koma ga malaminsa da ya amince da iliminsa, kada kuma ya zagi wanda ya bi ɗaya maganar. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, hoton tsiraici da hoton tona asiri haramun ne ko da wace na'ura aka ɗauke su. Za mu dawo kan wannan a ƙarshe.

Ɗaki mai duhu

Fiye da shekara dubu da suka wuce, Alhasan ibn Alhaisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani na samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya gwada haka da fitilu da ɗaki mai duhu mai ƴar kafa a bango, ya nuna haske na tafiya a miƙe. Kalmar kyamara kanta daga Latin take, ma'anarta ɗaki. Har yau kyamara ɗakin nan ne mai duhu: gilashi a gaba yana tara haske, faifai a baya yana kama shi. A da fim ne ke wannan aiki. Yanzu faifan lantarki ne, wanda Faransawa ke kira capteur.

Abu uku ne ke hukunta hasken da ke isa faifan, kuma duk mai son sana'ar nan sai ya haddace su kamar yadda ya haddace farillan alwala.

Na farko faɗin ƙofar gilashi. Ana rubuta shi da harafin f da lamba: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Abin da ke rikita mai koyo shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga kowace lamba a wannan jeri zuwa ta gabanta, haske na raguwa da rabi.

Na biyu tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe, wato saurin ƙiftawa. Ana auna shi da kason daƙiƙa: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250. Idan lokacin ya yi tsawo, duk motsin da hannunka ya yi, ko wanda mutumin ya yi, zai fito a hoto kamar an shafa tawada kafin ta bushe. Ga mutumin da ke zaune ko tsaye, 1/125 ma'auni ne mai aminci. Ga yara masu guje-guje sai 1/250 ko fiye.

Na uku shi ne ISO, wato ƙara ƙarfin abin da faifan ya kama. Misalinsa lasifikar masallaci: idan muryar ladan ta yi ƙasa kana iya murɗa ta sama, amma shuuu ɗin na'urar ma zai tashi tare da muryar. Haka ISO yake. A 100 ko 200 hoto na fita garau. A 3200 ko 6400 sai tsaki-tsaki ya fara bayyana kamar an watsa dusa a fuska, launi kuma ya dushe.

To, idan dare ya yi, hasken da ke akwai kaɗan ne. Ka tsawaita lokaci, hoto ya girgiza. Ka ɗaga ISO, hoto ya yi tsaki. Hanya ɗaya da ta rage wadda ba ta ɓata kome ita ce faɗaɗa ƙofa, kuma wannan a hannun gilashi yake.

Gilashin da za ka saya

Kusan kowace kyamarar masu farawa tana zuwa da gilashin zum mai rubutu 18-55mm f/3.5-5.6. Ma'anar rubutun ita ce, idan ka jawo shi zuwa 55, inda ya dace da hoton fuska, ƙofarsa ba ta wuce 5.6. Ajiye shi kusa da gilashin 50mm f/1.8, wanda ba ya jawowa ba ya turawa, tsayinsa ɗaya tak. Wannan na biyun yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A ɗakin da na farko zai tilasta maka 1/15, inda ko numfashin amarya zai ɓata hoto, na biyun zai ba ka 1/125 da rara, ba tare da ka taɓa ISO ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa hujja.

Ga shi kuma yana cikin gilasai mafi araha da kamfanonin ke ƙerawa. Na Canon mai suna EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan kimanin dalar Amurka 125. Nikon na da AF-S 50mm f/1.8G tun 2011, da AF-S DX 35mm f/1.8G tun 2009. Sony ma na da nasa, haka wasu kamfanonin Sin irin Yongnuo suna yin masu rahusa, ko da yake saitinsu bai kai na asali sauri da natsuwa ba.

Faɗin ƙofa na da wata fa'ida ta biyu. Yana sa abin da ka saita a kai ya fito tas, abin da ke bayansa kuma ya narke. Ta haka igiyar shanya da buhunan gero da babur ɗin maƙwabci duk za su ɓace daga bayan dattijon da kake ɗauka, ido ya tsaya a kan fuskarsa. Sai dai a kula: da 50mm a f/1.8, daga nisan mita 2, yankin da ke fita tas bai wuce santimita 11 ko 12 ba. Saboda haka a ɗora saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. Idan kuma mutane sun jeru sahu biyu ko uku, a rufe ƙofa zuwa 4 ko 5.6, in ba haka ba na gaba su fito, na baya su zama hayaƙi, ga rigima da dangin ango.

Sa'an nan akwai zaɓi tsakanin 35 da 50. A kan ƙananan kyamarori masu faifan APS-C, gilashin 50mm na nuna abin da 75 ko 80 ke nunawa a kan manya. Daga mita 2 zai ɗauki mutum daga kai zuwa ƙugu, kuma wannan shi ne nisan da ke barin fuska a kan siffarta. Wanda ya matso da gilashi mai faɗin gani, irin 18mm, har gab da fuska, zai ga hanci ya kumbura kunnuwa sun ja da baya, kuma babu amaryar da za ta yafe masa. Amma kafin 50mm ya ɗauki mutum tsaye daga hula zuwa takalmi, sai ka ja baya wajen mita 4, alhali ɗakunanmu da yawa ba su kai haka ba. Gilashin 35mm na yin wannan aiki daga wajen mita 3. Wanda aikinsa zai fi yawa a cikin ɗaka ya fara da 35. Wanda zai fi yi a tsakar gida da ƙofar zaure ya fara da 50. Kada kuma a yar da zum ɗin nan na 18-55, domin shi ne na hoton taro da rana. Gilashin 85mm f/1.8, wanda masu hoton fuska ke yabo, a bar shi sai sana'a ta fara biyan kanta.

Wasu gilasai da kyamarori na da na'urar hana girgiza, da ake rubutawa IS ko VR ko OSS. Tana da amfani, amma rawar hannunka kawai take gyarawa. Ba ta tsayar da jaririn da ke wutsil-wutsil ranar suna.

Gangar kyamara

A nan abin dubawa shi ne girman faifai, domin babban faifai ya fi tara haske, kamar yadda babban faranti ya fi ƙoƙo tarar ruwan sama. Cikakken faifai milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi. Na APS-C wajen 23,5 da 15,6 ne a Nikon da Sony da Fujifilm, na Canon ya ɗan gaza haka. Mafi girman faifan da aka saba sa wa wayar salula wajen 13 da 9 ne, yawancin wayoyi kuwa nasu bai kai rabin wannan ba. Ƙananan kyamarorin nan masu dogon zum da ba a cire musu gilashi, irin wadda ake yawan tallata wa masu farawa, galibinsu faifansu na tsarar na waya ne. Suna jawo hasumiyar masallaci daga nesa da rana tsaka, amma da magariba ta yi sun gama aiki.

Batun megapiksel kuwa, Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Hoton santimita 10 da 15, irin wanda ake sa wa a albam, megapiksel 2 da ɗoriya yake buƙata ya fito tsaf. Na santimita 20 da 30, na ratayewa a bango, bai kai 9 ba. Duk kyamarar da za mu ambata a ƙasa tana da 18 zuwa 24. Wannan lamba ta daina zama abin ciniki tun tuni.

Kyamarori masu canjin gilashi iri biyu ne. Akwai masu madubi a ciki, waɗanda ake kira reflex, akwai kuma marasa madubi, waɗanda Faransawa ke kira hybride. Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ƙarfinsu ga marasa madubi, Sony kuwa ta riga su. Wannan ya sa masu madubi na hannu suka cika kasuwa, farashinsu ya sauka, alhali hotonsu bai ragu da kome ba. Cikin waɗanda suka dace da mai farawa akwai Canon 600D ta 2011, da 700D ta 2013, da 2000D ta 2018, da 250D ta 2019; a ɓangaren Nikon akwai D5300 ta 2013, da D3300 ta 2014, da D5600 ta 2016, da D3500 ta 2018. Suna da wata daraja da ta shafe mu musamman: batirinsu na jimawa. Bisa ma'aunin masana'anta, D3500 na ɗaukar hoto wajen 1550 da caji ɗaya, alhali Sony a6000 marar madubi, ta 2014, tana tsayawa wajen 360. A garin da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar biki, wannan bambanci abin lissafi ne.

Marasa madubi na da tasu falala. Sababbinsu, irin Sony a6400 da Nikon Z50 na 2019, ko Canon R50 ta 2023, suna gane idon mutum da kansu su bi shi duk inda ya juya, kuma kana ganin yadda hoton zai fita tun kafin ka danna. Ga mai aiki da faɗin ƙofa, inda kuskuren santimita kaɗan ke ɓata hoto, wannan taimako ne babba. Wanda kuɗinsa ya kai, ya saya, tare da batir biyu na ajiya. Wanda kuma ya samu cikakken faifai na hannu mai lafiya, irin Canon 6D ta 2012 ko Nikon D750 ta 2014, ya samu abin da ya fi duk waɗancan haƙuri da duhu, sai dai nauyinta da tsadar gilasanta.

Tarko biyu ne a nan da ya wajaba mu faɗa. Kyamarorin Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, saboda haka tsohon gilashin 50mm f/1.8D, wanda ake sayarwa da araha, ba zai yi saiti da kansa a kansu ba. A nemi mai rubutun AF-S. Na biyu, Canon ta daina ƙera jerin EOS M, gilasansu kuma ba sa hawa sababbin kyamarorin R. Gilasan EF na masu madubi kuwa suna hawa R da ƴar mahaɗa, haka na Nikon masu AF-S suna hawa Z. Wato wanda ya sayi gilashi mai kyau yau zai ci gaba da morarsa bayan ya canja ganga. Gangar kyamara na tsufa cikin ƴan shekaru, gilashi kuwa ana gadonsa.

Da yake farashi na bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ga rabon da muke ba da shawara: a kasa kuɗin gida 10, a ba ganga 5, gilashi 3, sauran 2 a sayi filashi da batir na biyu da katin ajiya guda biyu na asali. Mai duba farashin Turai ya tuna yuro 100 na daidai da wajen jaka 66, kafin kuɗin kawowa da na duwan.

Ciniki a kan ta hannu

Kada a je kasuwa sai da wanda ya san aikin. A nemi sanin adadin ƙiftawar da kyamarar ta yi, domin ƙananan nan an ƙera marfinsu ne ya kai wajen 100.000, masu gyara sun san yadda ake fitar da lambar. A cire gilashi a haska shi da tocilan ta baya: ƴar ƙura ba kome ba ce, amma idan aka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, kuma ta fi kama kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku masu raɓa irin Kwatano da Lome da Legas da Duwala. A ɗauki hoton farin bango a f/16 a duba ko akwai ɗigo-ɗigo a faifai. A gwada saiti a wuri mai duhu, a cikin shagon, a kan fuskar mutum. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kyamarar, domin kayan sata ba ya zama halal don an biya kuɗinsa. Sa'an nan a ƙulla sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji a gaban shaidu, abin da malaman fiƙihu ke kira hiyari. Mai shagon da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka halin kayansa.

Sarrafa hasken da ke akwai

Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya rasu a 2001, ya buɗe wurin aikinsa a 1948 a tsakar gidansu. Da hasken rana yake aiki, da ƙyalle a rataye a baya, kuma saboda tsadar fim yawanci sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Hotunan nan su ne aka baje a Grand Palais na Paris a 2016. Kayan aikinsa ba su kai na yaron da ke farawa yau ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin inda zai zaunar da mutum.

Rana tsaka maƙiyiyar fuska ce: tana sa idanu su faɗa rami, goshi ya yi ƙyalli. A shigar da mutum inuwa, bakin zaure ko gefen taga, fuskarsa na kallon inda haske ke shigowa. A sa wani ya riƙe farin zane ta ɗaya gefen, ya mayar da haske kan kumatun da ke cikin duhu. Bayan la'asar sakaliya da hantsin farko su ne lokutan da rana ke da taushi.

Da dare, a kusantar da mutum ga fitila, domin idan nisa ya ninka sau biyu, haske na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗan filashin da ke kan kyamara ba ya wuce mita 2 zuwa 3, yana kuma daskarar da fuska ya jefa baƙar inuwa a bango. Filashi na dabam mai juya kai, irin Godox TT600 mai cin batir huɗu na rediyo, ya fi shi nesa ba kusa ba: a juya kansa ga farin rufi ko farin bango, hasken ya dawo a baje kamar na taga. Idan bangon jar ƙasa ne zai rina fuska da ja, sai a rataya farin ƙyalle a buga a kansa. Fitilun zamani kuma, wasunsu na ƙyafƙyaftawa bisa bugun wutar lantarki, wanda a ƙasashenmu 50 ne a daƙiƙa. Idan aka ga ratsi-ratsi a hoto, a koma 1/100 ko 1/50.

Akwai matsalar da ta keɓanta da mu, wadda littattafan Turai ba su cika kulawa da ita ba. Ma'aunin hasken kyamara na ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka. Idan baƙin mutum ya sa farar babbar riga da farin rawani, farin zai rinjayi ma'aunin, kyamara ta rage haske, fuskar malam ta nutse. Tun zamanin fim ake fama da wannan, lokacin da kamfanin Kodak ya shekara da shekaru yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 ya fitar da mai mata masu launin fata dabam-dabam. Maganin a hannunka yake: ka auna haske a kan fuskar, ko ka ƙara da maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi, rabin mataki zuwa ɗaya, kana lura kada aikin da ke wuyan rigar ya ƙone. Ka ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ajiye duk abin da faifai ya kama, don ka samu damar gyara daga baya. Amma kada gyara ya kai ga sauya wa mutum launin da Allah Ya ba shi. Mai hoton da ke mayar da kowace amarya fara yana koya wa ƴaƴanmu ƙin fatarsu, kuma daga nan ake zarcewa ga man bilicin.

Ƙura da zafi su ne masu kashe kyamara a ƙasarmu. Lokacin hunturu kada a canja gilashi a fili. A shiga ɗaki, a kifa bakin kyamarar ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga, yashi zai karce shi. A fara hure shi da ƴar robar busa iska. Yawancin kyamarori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali bazarar Yamai da Tawa na wuce haka a inuwa ma. Kada a bar ta cikin mota a rufe ko a akwatin babur.

Amanar da ke wuyan mai hoto

Mai hoto na shiga inda sauran maza ba sa shiga, yana ganin abin da ba a nuna wa kowa. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidaje da runtse gani, Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma riƙe kyamara bai ɗauke wa kowa waɗannan hukunce-hukunce ba. Gilashin da ke gani a duhu ya ƙara wa amanar nauyi, domin yana iya ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba.

Saboda haka a nemi izini kafin a danna, wanda ya ƙi a ƙyale shi ba tare da gori ba. Hoton biki mallakin masu biki ne: a miƙa musu, a goge daga kati, kada a sa ko ɗaya a Facebook ko WhatsApp ko TikTok da sunan talla sai sun yarda da bakinsu. Aure na mutuwa a kan hoto ɗaya da ya fita daga ɗakin mata ya shiga wayoyin samari, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. A Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam, hisabin Lahira kuma na nan. A cire kati kafin a kai kyamara gyara. Kada a haska filashi a fuskar masu salla, kada a ɗauki gawa, kada a ɗauki mabuƙaci yana karɓar sadaka. Idan aka kira salla, a rataye kyamara a bi sahu.

Muna kuma kira ga iyaye da su bar ƴaƴansu mata su koyi wannan sana'a. Wunin biki da zaman lalle da ɗakin mai jego wurare ne na mata, kuma mace mai kyamara za ta ɗauke wa gidaje da yawa kunyar shigar baƙon namiji, ta samu abin rufin asiri ta hanyar da ba ta saɓa wa shari'a.

Ga mai koyo, namiji ko mace, ga aikin wata guda kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ya ɗaura gilashi ɗaya, kada ya cire shi. Ya roƙi kakansa ko kakarsa su zauna masa a bakin zaure da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i a gefen fitila, ya riƙa rubuta lambobin ukun nan na kowane hoto a littafi, yana gwada wannan da wancan. Tsofaffi na da haƙurin zama, fuskarsu na nuna kowane kuskuren haske, kuma hoton da ya yi kyau a cikinsu zuri'a za ta nema wata rana.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake yanke farashin aiki da rubuta yarjejeniya da masu biki, don kauce wa jayayya bayan an watse. Allah Ya sa albarka a sana'o'in ƴaƴanmu, Ya tsare mu da cin amana.